Gawayi a Gashin Bakin Ɓera

Da Cheptanui ta kai wa Daktari Ombati, malamin da ke duba bincikenta a jami'a, sakamakon awon ɓerayenta, ko tabarau bai sa ba. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya bi layuka ukun da ido, ya ce ai magana ta ƙare, babu bambanci.

Rukuni uku ta raba ɓerayen tun suna 'yan yaye. Na farko an ba su garin gwangwani da ake shigowa da shi daga waje, wanda aka ce yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gyara hanji. Na biyu an ba su mursik, kindirmon gora na kakarta. Na uku ba a ba su komai ba sai abincinsu na kullum da ruwa, domin da su ake gwada sauran. Ɗalibai 'yan kallo suke kiransu. To, na gwangwani sun yi ƙiba. Na mursik sun yi ƙiba. 'Yan kallo ma sun yi ƙiba, gashinsu har sheƙi yake.

"Idan wanda bai sha ba ya kai wanda ya sha, me ya rage?" in ji Daktari. "Ki rubuta cewa nonon kakarki bai ƙara komai ba. Wannan ma sakamako ne. Ki miƙa kafin ƙarshen wata, ki sa rigar kammala karatu tare da 'yan ajinki."

Ta ce ai garin gwangwanin ma bai ƙara komai ba ke nan, alhali duk ɗaliban da suka gwada shi a baya sun ga bambanci. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ɓera ba lissafi ba ne, wata shekara haka, wata shekara haka, ta sa a ƙasa cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Ya jawo kofin shayinsa, alamar an sallame ta.

Da wannan jimla ta ƙarin bincike aka rufe kundaye da yawa a sashen nan. Suna can jere a kan kanta, sun sha ƙura, duk a kan garin gwangwani, kamar a ƙasar da shanu suka cika tuddai babu wani nono da ya isa a duba shi. Da Cheptanui ta fara cewa mursik za ta gwada, dariya aka yi mata a ɗakin shan shayi. Wani malami ya tambaye ta ko ɓerayen za ta koya wa gudun dogon zango, tunda shi ake ɗura wa 'yan tsere idan sun dawo da lambar zinariya. Wata kuma ta ce abin da aka cika da gawayi ba abinci ba ne, a bar tsofaffi da kayansu. Cheptanui kuwa ta riga ta ga abin da ke cikin goran kakarta a ƙarƙashin madubin awo, ta san yana raye.

Yanzu ga shi ana so ta rubuta da hannunta, ta sa sunanta da na mahaifinta, cewa abin banza ne. Kuma takarda ba ta mutuwa. Gobe wani jami'in lafiya zai ɗauko ta ya karanta wa matan ƙauye, ya ce ga 'yarku ma ta faɗa.

Daga ofishin ta zarce gidan ɓeraye, wani dogon ɗaki a bayan gonar koyarwa, mai warin ɓuntun katako. Arap Maritim, dattijon da ke kula da wurin tun kafin a haife ta, ya fita wanke kwanoni. Ta tsaya gaban kejin 'yan kallo, ta zura hannu ta ɗauko ɗaya. Fari ne tas, jajayen idanu, nauyinsa ya cika mata tafi. Tana shafa kansa da babban yatsa sai ta ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gashin bakinsa. Ta murza ɗaya a farce. Ya bar zane mai launin toka.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙabilarsu ta Kipsigis ya san wannan zanen. Kafin a zuba dafaffiyar madara a gora, sai an ƙona reshen bishiyar itet an goge cikin goran da bakin wutar, shi ne ke ba mursik ƙamshinsa da launinsa. Tana yarinya, da wannan baƙin a leɓe ake kama wanda ya saci kurɓi.

Ta duba na biyu, ta duba na uku. Kowanne da nasa.

Sai ta tuna goran. Kullum da safe ita da kanta take auna wa rukuni na biyu rabonsu, ta rataye goran a kusurwa mai sanyi, ta tafi aji. Tun makon farko ta lura yana ƙarewa da wuri. Ta ɗauka Arap Maritim, wanda suke kira Mzee, wato dattijo, shi ne ke ɗan jiƙa maƙoshi, kuma ba a tambayar dattijo inda nono ya tafi. Sai kawai ta ƙara yawan wanda take ɗaukowa daga gida.

Washegari ta auna, ta rataye, ta yi sallama kamar kullum. Ta kai bakin gonar ta juyo. Ta tarar da shi tsugune gaban kejin 'yan kallo, gora a cinyarsa, yana tsiyaya musu a murfin kwalba, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai shayar da maruƙa. Da ya ga inuwarta bai ko zabura ba. Ya ce ta matsa daga haske.

"Mzee, me kake yi?"

"Abin da kika manta."

"Ban manta ba. Waɗannan ba a ba su. Ga shi a rubuce a jikin kejin."

"Na gani," ya ce, yana toshe bakin goran. "Na ce yarinya ce, karatu ya yi mata yawa. 'Yar gidan wa ce ke, da za ki karkaɗa gora, ki ba na dama, ki tsallake na hagu yana kallonki? Kin ga yadda suke miƙewa da ƙafa biyu idan sun ji ƙamshi? Ni na rufa miki asiri ne."

Ta zauna a kan buhun abinci. Ta tambaye shi ko haka ya yi wa duk ɗaliban da suka gabata. Ya dube ta kamar ta zage shi.

"Da wannan ruwan allin nasu? Wa zai ji kunya don ya hana wani magani? Wancan ba nono ba ne. Wannan kuwa," ya buga goran da yatsa, "ban san tsohuwar da ta yi shi ba, amma hannunta na da kyau. Shekarun da na yi a ɗakin nan, ban taɓa ganin nono ya shigo ba sai bana."

Da za ta iya, da ta yi masa ihu. Amma a gidan da ta tashi, ko baƙon da ba a san sunansa ba ya tarar ana sha, sai an miƙa masa. Ita kanta an taɓa yi mata bulala a kan ta juya wa ƙanwarta baya da kofi a hannu. Sai ta danne, ta shiga yi masa bayani a hankali. Ta ce a ce makiyayi yana son ya san ko gishirin da ya saya yana ƙara wa shanu jiki. Idan ya ba garken duka, suka yi ƙiba, ta ina zai san gishirin ne ko damina ce ta yi kyau? Dole ya ware wasu. 'Yan kallo su ne waɗanda aka ware. Da ya ba su, ya share amsar gaba ɗaya, kuma yanzu takarda za ta ce nonon tsohuwar nan mai kyakkyawan hannu bai fi ruwa ba.

Dattijon ya ɗora goran a saman kantar bango da hannu biyu.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini haka," ya ce. "Sai dai a manna takarda a wuce."

Wannan ne ya fi ƙona mata rai, har ya fi asarar aikin. Mutumin da duk binciken sashen ke bi ta hannunsa, shi ke ciyarwa, shi ke sharewa, shi ke sanin ɓeran da ya kwana bai ci ba, a ce babu malami ko ɗalibi ɗaya da ya taɓa tsayawa ya gaya masa dalilin aikin. Ita ma da take ganin ta fi su, takardar ta manna ta wuce.

Ya tambaye ta ko za ta faɗa wa Daktari. Ya rage masa kaɗan ya ajiye aiki, kuma ya san abin da takardar laifi ke yi wa haƙƙin mutum na sallama. Ta ce bari ta je gida ta dawo.

Ranar Asabar ta hau motar haya zuwa garin Litein, ta ƙarasa a bayan babur ta cikin gonakin shayi. Ta tarar da Kogo Tapsabei, kakarta, zaune a bakin ɗakin girki tana goge cikin sabon gora da reshe mai hayaƙi. Tsohuwar tun farko abin dariya ta ɗauki aikin jikarta. Ta ce ɓeraye sun ƙarar mata da masara a rumbu tun tana amarya, yanzu kuma gwamnati ta gina musu ɗaki ta aiko a karɓar musu nono.

Cheptanui ta kwashe labari ta faɗa mata, tana jiran a taya ta fushi. Kogo ta busa bakin reshen, ta tambayi sunan mutumin da dangin da ya fito. Da ta ji, sai ta gyaɗa kai.

"An yi masa tarbiyya."

"Kogo, ya ɓata mini aikin shekara."

"Ke kika ɓata. Kin je kin ci amanar gorana a gaban baƙi. Da na san hana wasu za ki yi, da ban ba ki ba." Ta nuna ta da reshen. "Nonona ba ya shiga ɗakin da za a sha wani na haɗiyar yawu. Ko ɓera ne."

Cheptanui ta ce idan ba a hana wasu ba, ba za a taɓa sanin amfaninsa ba. Tsohuwar ta ce ita ta sani, ta yaye 'ya'ya da jikoki da shi, ga ɗaya nan a gabanta ta yi ƙarfin da take ɗaga mata murya. Idan masu farar riga ba su sani ba, su nemi hanyar sani da ba ta rashin kunya ba. Daga nan ta juya ga goranta, ta ce a sauke mata madarar da ke kan wuta kafin ta zube.

Tana sauke tukunyar, tururi yana dukan fuskarta, abin ya zo mata. Me take son ta sani tun asali? Ba wai ko nono yana sa ƙiba ba, wannan ko ɗan akuya ya sani. Abin da take nema shi ne ko ƙwayoyin da ke raye a cikin goran suna da wani aiki. Ashe tun farko gwajin nata da rami a ciki, kuma irin ramin da ke cikin kundayen kan kanta ne: an ba wasu abinci da ƙwayoyi, an hana wasu duka biyun, sannan a ce ƙwayoyin ne suka yi aiki. Hanyar gaskiya ita ce kowa ya sha. Gora ɗaya, a raba biyu. Rabi a bar shi da ransa, rabi a ɗora a wuta har ƙwayoyin su mutu. Garin gwangwanin ma a dama shi a cikin dafaffen. Kowane ɓera da murfin kwalbarsa a gabansa, ƙamshi ɗaya, gawayi ɗaya. Duk bambancin da ya fito, na masu rai ne.

Da ta faɗa wa Kogo, tsohuwar ta yamutsa fuska a kan dafa mursik, ta ce ɓarna ce. Ta ɗan yi tunani. Ta ce amma dai kowa zai samu? Cheptanui ta ce kowa. Kogo ta ce to ta zo da gora biyu mako mai zuwa.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Daktari Ombati ba ta jira an ce ta zauna ba. Ta faɗa masa komai, har da cewa ta ga goran yana raguwa ta yi shiru. Ya cire hularsa ya shafa sanƙo. Ya tashi ya tura ƙofa ya rufe.

Ya ce shi bai ji komai ba. Lambobi suna nan, ba wanda ya ƙirƙire su. Ta miƙa abinta. Idan ta tayar da maganar, ita za ta rasa shekara, tsohon zai sha takarda, shi kuma za a tambaye shi a taron sashe inda yake lokacin da ake shayar da ɓerayensa kamar 'yan biki. Wa zai amfana?

"Daktari, lambobin gaskiya ne, abin da za su faɗa ƙarya ne. Ba zan sa hannu ba."

"'Yan ajinki za su fita su bar ki."

"Su gaida gida."

"To tsohon fa? Kin fi son kundinki da abincin bakinsa?"

Ta ce a rahoton da za ta rubuta wa sashe za ta faɗi abin da ya faru daidai: ɗaliba ba ta yi wa mai kula da dabbobi bayanin tsarin gwaji ba, kuma sashen ba shi da al'adar yin hakan. Idan akwai wanda yake son ya hukunta Arap Maritim, sai ya fara nuna ranar da ya zaunar da shi ya koya masa. Daktari ya ce tun ranar da ta shigo da gora a jaka ya san ba zai ga ƙarshen shekarar nan lafiya ba. Sannan ya sa tabarau, karon farko, ya ce ta nuna masa sabon tsarin.

Ya karanta sau biyu. Bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Ya ce dai a ƙara yawan ɓerayen, kuma a riƙa duba kashinsu kowane mako.

Ranar da 'yan ajinta suka sa riga, Cheptanui tana gidan ɓeraye tana wanke keji. Kiɗan bikin yana shigowa ta taga. Ta ji zafinsa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Arap Maritim ne ya tanadar mata sababbin 'yan yaye daga uwayen da ya fi yarda da lafiyarsu. Kafin a fara, ta zaunar da shi da sauran masu shara a kan buhuna, ta zana musu tsarin a bango da gawayi. Dattijon ya yi tambayoyin da suka fi na wasu 'yan aji, ya kuma kafa dokarsa: ba mai taɓa gora sai shi da ita. Har wani malami ya taɓa leƙowa yana neman kurɓi, ya kore shi, ya ce wannan na aiki ne.

Makonnin farko babu abin gani. Dukansu suna sha, dukansu suna girma, sikeli yana ba da kusan abu ɗaya. Ta fara shirya zuciyarta. Ta gaya wa kanta cewa idan wannan karon ma babu bambanci, za ta rubuta, ta kai wa Kogo da bakinta, domin yanzu amsar ta gaskiya ce. Sai daga tsakiya layukan suka fara rabuwa. Ba rabuwa mai yawa ba. Masu shan mai rai suka ɗan wuce masu shan dafaffe, suka riƙe wannan ratar har ƙarshe. Da aka yi sanyin da ya sa wasu ɓerayen zawo, su ne suka fi saurin miƙewa. A kashinsu kuma ta samu ƙwayoyin goran Kogo, da ransu, sun ratsa ciki sun fito. Na garin gwangwani suna nan kafaɗa da kafaɗa da su, ba gaba ba, ba baya ba.

Ranar kare kundi, baƙuwar farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ta matsa mata lamba. Ta ce ɓera ba mutum ba ne, gora ɗaya kuma ba duk gorunan ƙasar ba ne. Cheptanui ta ce haka ne, shi ya sa ba ta rubuta fiye da abin da ta gani ba. Sai farfesar ta buɗe wani shafi, ta ce akwai abin da ya burge ta: yawancin ɗalibai ruwa suke ba rukunin gwadawa. Ina ta samo dabarar dafa rabin nonon?

Daktari Ombati ya gyara zama, ya buɗe baki. Ta riga shi.

"A wurinmu ba a shan nono wani yana kallo. Na karya wannan dokar a gwajin farko, mai kula da ɓerayenmu ya gyara mini, gwajin ya lalace. Yana shafi na goma sha ɗaya, ban ɓoye ba. Da na nemi hanyar da kowa zai sha, sai na ga ita ce ma daidai."

Farfesar ta juya zuwa shafin, ta karanta, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce a bar shi yadda yake, kada a goge ko kalma.

A waje, ƙarƙashin bishiya, Kogo Tapsabei na zaune da tsohon goranta mai maɗaurin fata da duwatsun ado, wanda ba ya fita gida sai an yi abin alfahari. Arap Maritim na tsaye gefenta cikin kwat ɗin coci, sun riga sun gano dangin da suka haɗa. Cheptanui ta durƙusa ta faɗa mata sakamakon: nononta ya yi daidai da na gwangwani.

"Daidai?" in ji tsohuwar. "A sake aunawa."

Ta karkaɗa goran, ta cire murfin, ta kafa wa jikarta a baki kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo da nasara. Cheptanui ta sha har ya gangaro mata a haɓa. Kogo ta karɓe, ta ɗaga ido ta ga malamai sun fito sun tsaya a baranda, har da wadda ta ce gawayi ba abinci ba ne.

"Waɗancan fa, me suke kallo?" ta ce wa Arap Maritim. "Je ka kirawo su. Su zo da kofunansu."